Yi Je-ma: Ma'aikacin hukumar Koriya da ya raba jikin ɗan Adam gida huɗu, kowanne da abincinsa

A shekarar 1837, lokacin da Sarki Abu Ja ke kan gadon sarautar tsohuwar Abuja, garin da ake kira Suleja a yau, Allah Ya yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello rasuwa a Wurno. Bayan littattafansa na mulki da tarihi, Bello ya bar rubuce-rubuce a kan magani, ciki har da na ciwon ido da na basir. A wannan shekarar ce kuma, can gabas mai nisa, aka haifi wani yaro a garin Hamhung na ƙasar Koriya, wanda shi ma ya haɗa aikin hukuma da nazarin magani. Sunansa Yi Je-ma, wasu kuma suna rubuta shi Lee Je-ma.

Har yau idan mai fama da ƙiba ya je wurin likitan gargajiya a Koriya ta Kudu, sau da yawa abin da za a fara bincika shi ne rukunin da jikinsa ya faɗa a cikin rukunai huɗu, kafin a faɗa masa abin da zai ci a gida da abin da zai nema idan ya shiga gidan abinci. Wannan rabe-raben na Yi Je-ma ne. Mutumin ya yi aikin soja, ya mulki gunduma, ya daɗe yana jinya, kuma abin da ya koyar game da ciki ya fi ƙarfin jerin abincin da ake yawo da shi da sunansa.

Haihuwa a gefen gida

Hamhung na lardin Hamgyong ne, a arewa maso gabashin Koriya, yankin duwatsu da tsananin sanyi wanda yanzu yake cikin Koriya ta Arewa. Daular Joseon ce ke mulki a lokacin, kuma ta gina komai a kan koyarwar Konfushiyus da jarrabawar shiga aikin gwamnati. Mahaifinsa ɗan gidan masu ilimi ne daga zuriyar Yi ta Jeonju, wato zuriyar da sarakunan daular suka fito. Mahaifiyarsa kuwa ba uwargida ba ce, kuma ba 'yar manyan gida ba.

A ƙasar Hausa ɗan sa-ɗaka yana gado kamar kowane ɗa, har ya hau gadon sarauta. A Joseon ɗan da ba na uwargida ba ya taso ne da tabo: ƙarni da ƙarni doka da al'ada suna toshe wa irinsa hanyar manyan muƙamai. Ga kuma tabo na biyu, domin fadar Seoul ta daɗe tana yi wa mutanen lardunan arewa kallon 'yan bayan dutse, ba kasafai take ɗaga su ba.

Ana ba da labari cewa kakansa ya yi mafarki an kawo masa ingarman doki daga tsibirin Jeju, da ya farka sai ga wata mace a ƙofar gida da jariri a hannu. Ya karɓi jikan, ya raɗa masa suna Je-ma, mai nufin dokin Jeju. Yaron ya tashi da son hawan doki da harbin baka, kuma laƙabin da aka san shi da shi daga baya, Dongmu, yana nufin jarumin gabas. Tun yana ɗan shekara goma sha wani abu ya bar gida, ya yi ta yawo a garuruwan arewa har bakin iyakar Manchuriya, yana karanta duk littafin da ya samu a gidajen masu hali, yana kuma lura da halayen mutanen da ya tarar.

Soja kuma hakimi

Bai shiga aikin gwamnati da wuri ba. Sai a 1875, yana dab da shekara 40, ya ci jarrabawar aikin soja, aka ɗauke shi cikin dakarun da ke tsaron fada a Seoul. Shekara guda bayan haka, a 1876, Japan ta tilasta wa Koriya sa hannu kan yarjejeniyar Ganghwa, wadda ta buɗe tashoshin ruwanta ga baƙi. Duk rayuwarsa ta aiki ya yi ta ne a cikin daular da ke tangal-tangal.

Daga baya aka tura shi gundumar Jinhae a gaɓar tekun kudu, a muƙamin da ya haɗa aikin hakimi da na alƙali da na kwamandan 'yan tsaro. Mai irin wannan kujera yana ganin mutane iri-iri kullum: mai ƙara, mai bashin haraji, mai neman alfarma, ma'aikacin da ke cin amana. Littafin da ya fara rubutawa a 1880, mai suna Gyeokchigo, ba na magani ba ne. Na ɗabi'a ne, kuma babban sashensa ya tsaya a kan yadda ake gane halin mutum. Sai da ya daɗe yana tambayar abin da ya sa zukatan mutane suka bambanta kafin ya koma ga tambayar abin da ya sa jikunansu suka bambanta.

Cutar da ta mayar da shi ɗalibi

Akwai dalili na ƙashin kai. Ya yi fama da wata lalura da ke hana abinci zama a cikinsa, yana yawan amai da tofar da yawu, ga kuma raunin ƙafafu. Shi da kansa ya rubuta cewa ya shafe shekara shida zuwa bakwai a cikin wannan hali, sannan ya yi gomman shekaru yana kiyaye kansa kafin ya tsira daga mutuwar ƙuruciya. Magungunan da littattafai suka ce suna warkar da irin wannan ciwo ba su yi masa abin da suka yi wa wasu ba.

Ya koma ga tsofaffin littattafai. Ya karanta Zhang Zhongjing, likitan ƙasar Sin da ya rayu wajen ƙarshen ƙarni na 2, ya karanta Heo Jun, likitan fadar Koriya wanda aka buga babban littafinsa Dongui Bogam a 1613, kuma ya sa su a sahun farko na waɗanda suka yi wa fannin hidima. Abin da ya ga sun bari shi ne sun fi rarraba cututtuka fiye da rarraba marasa lafiya. A ganinsa, mutum biyu na iya zuwa da zazzaɓi iri ɗaya, a ba su magani iri ɗaya, ɗaya ya miƙe, ɗaya ya ƙara kwantawa, domin tun daga ciki ba iri ɗaya aka halicce su ba.

A 1893 ya zauna a Seoul ya fara rubuta littafin da ya sa aka san shi, ya kammala a 1894, shekarar da boren manoma na Donghak ya ɓarke, Sin da Japan kuma suka gwabza yaƙi a kan ƙasar Koriya. Sunan littafin Dongui Suse Bowon, ma'anarsa maganin gabas na tsawaita rai da kiyaye tushen lafiya.

Gida huɗu

Tsarin da ya kafa ana kiran sa Sasang, wato siffofi huɗu. Ya gina shi a kan gaɓoɓi huɗu: huhu, saifa, hanta da ƙoda. Ba girman gaɓar da likitan fiɗa zai gani yake nufi ba, ƙarfin aikinta yake nufi, kuma a wannan fanni saifa ta ƙunshi dukkan aikin narkar da abinci.

Rukunin Taeyang huhunsa ya yi ƙarfi, hantarsa ta yi rauni. Rukunin Taeeum akasin haka ne, hanta mai ƙarfi da huhu mai rauni, don haka jikinsa ya iya tarawa fiye da fitarwa. Rukunin Soyang saifa ce mai ƙarfi, ƙoda mai rauni, mutum ne mai zafin jiki da zafin nama. Rukunin Soeum ƙoda ce mai ƙarfi, saifa mai rauni, mai sanyin jiki ne wanda abinci kan tsaya masa a ciki. Ya ƙiyasta cewa a gundumar da ke da mutum 10,000 za a samu Taeeum kimanin 5,000, Soyang 3,000, Soeum 2,000, Taeyang kuwa daga uku zuwa goma da 'yan kai. Kansa ya sa a cikin wannan rukuni mafi ƙaranci.

Kowane rukuni ya ba shi alamar da zai gane yana cikin ƙoshin lafiya. Ɗan Taeyang ya lura da fitsarinsa, idan yana zuwa sosai lafiya lau. Ɗan Taeeum ya lura da gumi, domin zufa alheri ce a gare shi. Ɗan Soyang ya lura da bayan gida, ɗan Soeum kuma ya lura da yadda abinci ke narke masa. Waɗannan abubuwa ne da manomi zai iya dubawa da kansa ba tare da ya biya kowa ba.

Sannan ya ɗaure kowane rukuni da wani motsi na zuciya: baƙin ciki, fushi, murna da jin daɗi. A koyarwarsa, duk wanda ya bar ɗaya daga cikin waɗannan ya wuce kima, gaɓarsa mai rauni ce za ta biya. Ana ba da labarin cewa idan ya kasa gane rukunin mutum yakan tsokane shi, ko ya sa shi kwasar itace daga nan zuwa can, don ya ga yadda fushinsa ko haƙurinsa zai fito.

Ƙarshen aiki da ƙarshen rai

A watan Oktoban 1895 'yan barandan Japan suka kashe Sarauniya Min a cikin fada, daga baya kuma gwamnati ta ba da umarnin maza su aske tukkunsu. Ƙasa ta ɗauki zafi. A 1896 wani mai suna Choe Mun-hwan ya tayar da bore a Hamhung, aka kashe babban jami'in gwamnati a garin. Yi Je-ma ne ya jagoranci kama shi da dawo da doka. Hukuma ta yaba masa, ta ba shi mulkin gundumar Kowon a 1897. Masana tarihi na baya sun kalli lamarin da ido biyu, domin da yawa suna lissafa masu boren wancan lokaci cikin 'yan kishin ƙasa da suka ƙi mamayar Japan. Shi dai ya tsaya ne a inda ma'aikacin hukuma ke tsayawa, da daɗinsa da ɗacinsa.

Bai daɗe a Kowon ba ya ajiye aiki, ya koma Hamhung ya buɗe ɗakin magani mai suna Bowonguk, yana duba marasa lafiya, yana koyar da ɗalibai, yana gyara littafinsa. Ajali ya cim masa a 1900 kafin ya kai ga gyara sashen Taeyang. Magani biyu kacal ya haɗa wa wannan rukuni nasa, kuma ya faɗa a fili cewa bai ga isassun masu irin wannan jiki ba da zai ƙara a kai. A 1901 almajiransa suka haɗa tsohon rubutun da sabon suka buga littafin a Hamhung.

Daga littafi zuwa gidan abinci

Yi Je-ma bai rubuta littafin rage ƙiba ba. A zamaninsa yunwa da annoba ne ke kashe mutane, kwalara ma ta yi ɓarna a Koriya a 1886 da 1895. Dogayen jerin abincin da ake jingina masa sun fito ne daga rubuce-rubucen da ya bari da kuma ƙarin da likitocin baya suka yi. Da Koriya ta Kudu ta yi arziki, ma'aikatanta suka koma zaman kujera da cin abincin waje da liyafar ofis ta bayan tashi daga aiki, sai aka juya tsarinsa ya fuskanci teɓa.

Teburin gidan abinci a Koriya yakan zo da shinkafa, romo, da ƙananan kwanoni na ganyaye da kimchi, wato kabejin da aka tsima da gishiri da barkono. Masu bin Sasang sukan ce wa ɗan Taeeum, wanda ya fi kowa saurin ƙiba da yawan ci, ya nemi romon naman shanu maras kitse, awara, waken suya da ganyaye, ya guji soye-soye da cin dare, ya kuma motsa jiki har ya yi gumi. Ɗan Soyang mai zafin ciki sukan nuna masa sha'ir, kokwamba da kifin teku, su hana shi yawan yaji da citta. Ɗan Soeum sukan ba shi abinci mai ɗumi, kamar farfesun kaza da saiwar jinsen da ake kira samgyetang, su hana shi ƙanƙara da abinci mai sanyi. Ɗan Taeyang kuma ganye da abincin teku da abin da ba shi da maiƙo. Kwano ɗaya na farfesun kaza magani ne ga wani, matsala ne ga wanda ke zaune kusa da shi.

A yau Sasang na cikin fannoni takwas da likitan gargajiya ke ƙwarewa a kansu a Koriya ta Kudu, inda ake koyar da wannan ilimi a jami'o'i ana ba da lasisi. Cibiyar binciken maganin gargajiya ta ƙasar da ke Daejeon, wadda aka kafa a 1994, ta yi aiki mai yawa a kansa, tashar KBS kuma ta nuna wasan kwaikwayo a kan rayuwarsa a 2002. Bincike ya sha nuna cewa waɗanda aka sa a rukunin Taeeum sun fi nauyi, sun kuma fi kusa da hawan jini da ciwon suga. Sai dai masu suka na da hujja: tunda da siffar jiki ake tantance rukunin tun farko, ba abin mamaki ba ne a tarar masu jiki sun taru a wuri ɗaya. Kuma likitoci biyu na iya duba mutum ɗaya su sa shi a rukuni daban-daban.

Akwai kuma haɗari na zahiri. Ɗaya daga cikin magungunan da ya haɗa, Taeeumjowi-tang, ya yi shi ne domin ɗan Taeeum mai kumburin ciki bayan cin abinci da raunin ƙafafu. Yanzu an mayar da shi maganin rage ƙiba. A cikinsa akwai wani tsiro da ake kira mahwang, mai ɗauke da sinadarin efedirin, wanda ke rage sha'awar abinci amma yana ƙara bugun zuciya da hawan jini. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta haramta sayar da kayan ƙarin abinci masu ɗauke da shi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa magani ɗaya ba ya yi wa kowa, da wuya ya yarda da shayin rage tumbi da ake tallatawa a intanet ga duk wanda ke da kuɗin saye.

Abin da ya shafi mai tasowa daga Suleja

Dubban ma'aikatan tarayya na kwana a Suleja da Madalla da Zuba. Sukan fito da duku-duku, su wuce Dutsen Zuma, su shafe lokaci a cunkoson hanya, su yini a kujera. Karin kumallo ƙosai ne ko masa a tsaye, abincin rana na mai abinci ne a kusa da Sakatariya, na dare kuma malmalar tuwo ce da ake ci a makare a kwanta a kai. Hadiman manya kuwa nasu ya fi, domin daga wannan taro zuwa wancan ana ajiye musu soyayyen nama da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙibar da ta zama cuta.

Jerin abincin Sasang an yi shi ne a kan cimar Koriya, kuma ba wanda ya isa ya ce miyar kuka ta wannan rukuni ce, taushe ta wancan. Abin da ke tsallako teku shi ne hanyar da Yi Je-ma ya bi, ta lura da jiki. Wanne abinci ne ke sa mutum gyangyaɗi a ofis da ƙarfe uku? Wanne ne ke tsaya masa a ƙirji? Abokin aiki na iya cin sakwara biyu bai canza ba, wani kuwa ɗaya ta ishe shi ƙara ramin bel. Mai hankali ba ya auna kwanonsa da na maƙwabcinsa.

Sauran kuwa likitocin zamani sun riga sun tabbatar da shi. Malmala ɗaya da miyar ganye mai yawa ta fi biyu da miya kaɗan. Kifi ko nama gasasshe ya fi soyayye, domin babban cokali ɗaya na mai na ɗauke da kalori kusan 120. Babbar kwalbar lemo ɗaya na iya cinye dukkan kason sukarin da ya kamata mutum ya sha a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar gishiri ƙasa da giram 5 a rana, da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Mai hawan jini ko ciwon suga kuma ya fara da asibiti da awo kafin ya kai kowane sassaƙe ko shayi bakinsa, na gida ne ko na waje.

Ciki da kujera

A wani babi na ƙarshen littafinsa, Yi Je-ma ya bar batun saiwa da ganye ya koma ga hali. Ya lissafa abubuwa huɗu da ke gajarta rai: girman kai da almubazzaranci, lalaci, gaggawa, da haɗama. Ya lissafa huɗu da ke tsawaita shi: sauƙin rayuwa, ƙwazo, taka-tsantsan, da neman sani. Ya ja kunne a kan giya, sha'awa, dukiya da mulki. Ya ce ladabin cin abinci shi ne mutum ya iya jure yunwa, kada ya kwallafa rai a kan cika ciki, kuma a jeri ɗaya ya kawo ladabin dukiya, wato kada mutum ya yi kwaɗayin abin da bai yi guminsa ba. Ya ɗauki hassadar masu nagarta da masu iyawa a matsayin cutar da ta fi kowacce yawa a duniya, son mutanen kirki kuma a matsayin babban magani.

Wannan magana ce ta wanda ya zauna a ofis ya ga yadda ake yi. A wurinsa hannun da ke kasa tsayawa a kwano shi ne ke kasa tsayawa a baitulmali, kuma horon ɗaya horon ɗayan ne. Bahaushe ya taƙaita ta da cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, Musulmi kuma ya san koyarwar raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi.

Burinsa shi ne ilimin lafiya ya fita daga hannun ƙalilan. Ya kawo misali da tukwane: garin da ke da gida dubu goma, idan maginin tukunya ɗaya gare shi, kwanoni ba za su isa ba, haka ƙauyen da ke da gida ɗari da likita ɗaya ba zai iya ceton mutanensa ba. Mutanen Suleja, garin da Ladi Kwali ta yi suna a cikinsa da ginin tukwane har hotonta ya hau takardar naira 20, ba sa buƙatar a yi musu fashin baƙin wannan misali. Abin da ya so shi ne kowane gida ya san wani abu na magani, kowane mutum ya san irin cutar da jikinsa ya fi karkata gare ta. Ma'aikacin da ya san nauyinsa da awon jininsa da abin da cikinsa ke ɗauka, kafin ya ce wa mai abinci ta ƙara, ya riƙe babban kaso na abin da Yi Je-ma ya bari.